Yoga da Ƙarfin Tsoka: Abin da Kafanchan Za Ta Ɗauka da Abin da Za Ta Bari

A ranar 11 ga Disamba, 2014, Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da buƙatar Indiya ta ware 21 ga Yunin kowace shekara a matsayin ranar yoga ta duniya, aka kuma fara bikin a 2015. Ofishin jakadancin Indiya a Abuja na cikin masu shirya bikin a Najeriya. Sai dai ba ta ƙofar jakadanci yoga ke shiga Kafanchan da Kagoro da Zonkwa ba. Ta waya take shiga, a gajerun bidiyoyin YouTube da TikTok, inda ake ganin mutum ya lanƙwashe kan tabarma kamar ba shi da ƙashi. Da yawan waɗannan bidiyoyi suna tafe da da'awa biyu a ɗaure wuri guda: cewa yoga hikima ce mai shekara dubu biyar, da cewa tana ƙarfafa jiki ba sai an ɗaga ƙarfe ba. Mai kallo yakan ɗauka ta farkon ce hujjar ta biyun. A ganina dole a warware ɗaurin, domin ɓangaren yoga da ke ƙarfafa tsoka shi ne mafi ƙarancin shekaru a cikinta, kuma sanin haka ne zai ba mutumin kudancin Kaduna damar auna ta da ma'aunin da ya dace, wato ma'aunin motsa jiki.

Maganar shekara dubu biyar ta dogara ne galibi a kan wani ɗan hatimin dutse da aka tono a kangon Mohenjo-daro, cikin Pakistan ta yau, a ƙarshen shekarun 1920. An sassaƙa wani mai ƙahoni a zaune, dugadugansa a haɗe, sai Baturen Ingila John Marshall ya ce wannan siffar farko ce ta Shiba, ubangijin masu yoga a addinin Hindu. Har yau babu wanda ya iya karanta rubutun mutanen da suka sassaƙa shi, masana da dama kuma sun ƙi yarda da fassarar Marshall. Mutanen wannan yanki sun san irin wannan matsala a gida: a cikin gumakan yumɓu na al'adar Nok, wadda ta samo sunanta daga ƙauyen Nok na ƙasar Ham, akwai na mutum a zaune ya ɗora haɓa kan gwiwa, amma babu mai hankalin da zai ce daga wannan zama ya gano ibadar mai zaman. Abin da ke rubuce ya zo daga baya. Littafin Katha Upanishad, na ƙarnonin ƙarshe kafin Miladiyya, ya bayyana yoga da ma'anar kame gaɓoɓin ji da gani da tsayar da zuciya. Shahararren littafin Patanjali, wanda masana ke kai tattara shi wajen shekara ta 400 Miladiyya, yana da gajerun jimloli kusan 196, uku kawai daga ciki suka taɓa yanayin jiki, su ma a kan zama ne, yadda mai tunani zai daɗe a zaune ba tare da jiki ya dame shi ba. Burin tsohuwar yoga shi ne kuɓutar da rai daga duniya. Damtse da cinya ba sa cikin lissafi.

Jiki ya fara samun matsayi ne da bayyanar reshen da ake kira hatha, daga wajen ƙarni na 11. Littafin Hatha Yoga Pradipika na Svatmarama, a ƙarni na 15, ya kawo yanayin jiki 15, wasunsu na buƙatar ƙarfi na gaske, kamar wanda mutum ke ɗaga dukan jikinsa a kwance bisa tafukan hannu biyu. Duk da haka amfanin da littafin ya ambata shi ne narkar da abinci, korar cuta da sarrafa numfashi. Wani abin da ba a cika faɗa wa Musulmi ba shi ne malamansu sun daɗe da leƙa wannan fage: a farkon ƙarni na 11 al-Biruni ya mayar da littafin Patanjali zuwa Larabci, a ƙarni na 16 kuma Shehin Sufaye Muhammad Gaus na Gwaliyor ya rubuta Bahrul Hayat da Farisanci, wanda kwafinsa mai zane da aka yi wa Yarima Salim, mai zama Sarki Jahangir daga baya, yake cikin mafi tsufan hotunan yanayin jiki na yoga da ake da su. Amma ko a ƙarshen ƙarni na 19 wannan reshe ba shi da kima wurin masu ilmin Indiya. Swami Vivekananda, wanda jawabinsa a taron addinai na Chicago a 1893 ya buɗe wa yoga ƙofar Amurka, bai ɗauki lanƙwasa jiki da muhimmanci ba. Numfashi da tunani ya koyar.

To daga ina yogar da ke cikin waya ta fito? Daga Indiyar zamanin mulkin mallaka. Turawan Ingila sun riƙa yi wa wasu al'ummun Indiya gorin raunin jiki, masu kishin ƙasa kuma suka mayar da martani da gina jiki. Shahararren mai ƙirar jiki Eugen Sandow ya zagaya Indiya a 1904 zuwa 1905 ya tara jama'a, makarantu da ƙungiyar YMCA suka yaɗa atisayen Suwidin da na Danmak, 'yan kokawar gargajiya kuwa dama suna da nasu horon na dungurawa da tsugunne-tashi sau ɗaruruwa. A cikin wannan yanayi Swami Kuvalayananda ya kafa cibiyar Kaivalyadhama a Lonavla a 1924 don auna yoga da kayan likita. Sarkin ƙaramar masarautar Aundh, Bhawanrao Pant Pratinidhi, ya yayata jerin motsin da ake kira gaisuwar rana a shekarun 1920 a matsayin atisayen lafiya. A shekarun 1930 Tirumalai Krishnamacharya ya riƙa koyar da samari a fadar Mysore wani salo mai zafi, mai haɗa yanayi da yanayi ta hanyar tsalle da dungurawa, daga hannunsa kuma B.K.S. Iyengar da Pattabhi Jois da Indra Devi suka fito suka kai abin duniya. Littafin Iyengar na 1966, Light on Yoga, ya kawo yanayi kusan 200. Wato yogar motsa jiki sa'ar mahaɗar jirgin ƙasa ta Kafanchan ce, wadda aka buɗe a 1927 lokacin da layin Fatakwal ya haɗu da na Kaduna da reshen Jos. Mark Singleton ne ya fi kowa fito da wannan tarihi a littafinsa Yoga Body na 2010, kuma an ƙalubalance shi da hujja mai ƙarfi: an gano rubuce-rubucen ƙarni na 18, irin su Hathabhyasapaddhati, masu yanayi fiye da 100, wasu ma da motsi da maimaitawa, tun kafin atisayen Turai ya iso. Wannan ya nuna Indiya na da kaso mafi girma a abinta fiye da yadda aka zata. Bai mayar da shekara ɗari uku ta zama dubu biyar ba, bai kuma canja cewa tsara yoga don ƙarfin jikin talaka da ɗan makaranta aikin ƙarni na 20 ne ba.

Da zarar an cire rigar tsufa, tambayar ta zama mai sauƙi: me ke sa tsoka ƙarfi, kuma yoga na yin sa? Tsoka na ƙaruwa ne idan aka tilasta mata aikin da ya ɗara wanda ta saba, aka bar ta ta huta, aka ciyar da ita, sannan aka ƙara mata nauyi. A makonnin farko yawancin ƙarin ƙarfin daga jijiyoyi yake zuwa, ƙwaƙwalwa na koyon kiran zaren tsoka da yawa a lokaci guda. Kaurin tsokar kansa sai daga baya. Tsoka ba ta san ko nauyin ƙarfe ne, ko buhun masara, ko jikin mai ita ba. Wanda ya dogara kan tafukan hannu da yatsun ƙafa ya miƙe jiki sambal na daƙiƙa 30 yana sa kafaɗu da ciki da baya aiki ba tare da motsi ba. Wanda ya buɗe ƙafafu ya lanƙwasa gwiwar gaba ya tsaya, cinyarsa ce ke ɗauke da shi. Wanda ya sauke ƙirji a hankali zuwa ƙasa yana horar da tsoka a lokacin da take miƙewa ƙarƙashin nauyi, wanda yana daga cikin hanyoyi masu tasiri. Babu wani sirri a nan, kuma ba a buƙatarsa.

Gwaje-gwaje sun goyi bayan haka, da sharaɗi. A 2001 masu bincike a Jami'ar California da ke Davis sun sa matasa 10 marasa horo yin yoga na mako takwas, suka sami ƙarfin miƙe gwiwar hannu ya ƙaru da kashi 31 cikin 100, na lanƙwasa ta da kashi 19, na miƙe gwiwar ƙafa da kashi 28. Alƙaluman na da daɗin ji, shi ya sa ake ta yawo da su, amma mutum 10 ba taro ba ne, kuma babu rukunin kwatance da bai yi yogar ba. Gwajin da ya fi nauyi shi ne na Neha Gothe da Edward McAuley na Jami'ar Illinois, wanda aka buga a 2016: manya 118, matsakaicin shekarunsu 62, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi suka yi yoga, rabi suka yi atisayen miƙa jiki da ƙarfafa shi na al'ada, tsawon mako takwas. Duka ɓangarorin sun ci gaba, kuma yoga ta yi kunnen doki da ɗayan. A 2019 masu bincike a Jami'ar Edinburgh suka tattara gwaje-gwaje 22 a kan tsofaffi, suka ga yoga na inganta daidaiton tsayuwa, laushin gaɓoɓi da ƙarfin ƙafafu idan aka kwatanta da zaman haka kawai. Abin lura a duk waɗannan shi ne su wa aka gwada: marasa horo, masu yawan zama, tsofaffi. Ga wanda tsokarsa ke ƙasa, nauyin jikinsa babban kaya ne.

Nan ne kuma iyakar yoga take. Nauyin jiki ba ya ƙaruwa don mutum ya ƙara ƙarfi, saboda haka bayan 'yan watanni yanayin da ya taɓa sa shi karkarwa zai zama hutu, sai dai ya koma ga masu wuya, masu wuyar kuma su ne masu haɗari. Ƙarfin da ake samu ta tsayawa cak ya fi bayyana a kusurwar da aka tsaya. Sannan yoga cike take da turawa, jawowa kuwa kusan babu, don haka tsokokin da ke jan guga daga rijiya ba sa samun rabonsu. Saurayin da ke huɗa da garma a gonar citta a Kachia ko Kwoi, ya haƙe ta da kaka, ya ɗora buhuna a mota, ba zai ƙara ƙarfin a-zo-a-gani da yoga ba, duk wanda ya ce masa zai ƙara kuwa talla yake yi. Daga nan ne suka ta farko ke tasowa, kuma suka ce mai ma'ana: mutanen da ke noman citta da acca da doya, mata masu hawa da sauka da itace a gindin duwatsun Kagoro, me za su yi da atisayen da aka tsara wa masu zaman ofis?

Amsar kashi biyu ce. Na farko, aikin ƙarfi da horon jiki ba abu ɗaya ba ne. Masu bincike a Danmak, musamman Andreas Holtermann, sun daɗe suna nuna cewa wahalar wurin aiki ba ta ba da amfanin lafiyar da motsa jiki na ganin dama ke bayarwa, domin aiki na ɗaukar sa'o'i masu yawa, motsi ɗaya ake maimaitawa, babu isasshen hutu. Mai noma da gajeriyar fartanya yana yini a sunkuye. Wasu tsokokinsa sun yi tauri, wasu sun yi sanyi, bayansa kuma shi ke biyan bashin. Ga ciwon baya mai daɗewa, nazarin ƙungiyar binciken lafiya ta Cochrane na 2017 ya tattara gwaje-gwaje 12 ya ga yoga na kawo sauƙi kaɗan zuwa matsakaici idan aka kwatanta da rashin motsa jiki, ba tare da tabbacin ta fi sauran atisayen baya ba. Ƙaramin alkawari ne, amma ya fi shan maganin kashe zafi safe da yamma. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, Kafanchan ba gona ba ce kaɗai. Gari ne na malaman makaranta, ma'aikatan ƙaramar hukumar Jema'a, ɗaliban reshen Jami'ar Jihar Kaduna da na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, teloli, masu shaguna, 'yan acaɓa da ke yini a kan sirdi, da tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa da suka ajiye aiki. Manomin ma yana tsufa. Tsoka na fara raguwa a hankali bayan shekara 30, raguwar ta ƙara sauri bayan 60, kuma ranar da 'ya'ya suka ce Baba ya huta da gona, ranar ce abin da ke riƙe masa ƙafafu ya tsaya. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2015, a kan mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, ya gano duk raguwar kilo biyar a ƙarfin damƙar hannu na tafe da ƙarin kashi 16 cikin 100 na haɗarin mutuwa. Wannan bai nuna matse hannu na tsawaita rai ba, ya dai nuna ƙarfin tsoka alama ce ta lafiyar jiki gaba ɗaya. Shi ya sa jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta nemi kowane baligi ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, masu shekara 65 zuwa sama kuma su ƙara da na daidaiton tsayuwa kwana uku don guje wa faɗuwa. Tsohuwar da ta faɗi a makewayi ta karya ƙugu, sau da yawa ba ta sake tashi.

Suka ta biyu ta fi zafi, ta addini ce, kuma a yankin da ya ɗanɗani rikicin addini na 1987 da na bayansa ba a wasa da ita. Limami da fasto na iya haɗuwa a kan wannan: yoga ta fito daga addinin Hindu, wasu yanayin na ɗauke da sunayen abubuwan bautarsu, jerin da ya fi shahara ma sunansa gaisuwar rana. Ba tsoron banza ba ne. A 1989 fadar Vatican, da sa hannun Kadinal Joseph Ratzinger, ta gargaɗi Katolika kada su ɗauki daɗin da jiki ke ji a irin waɗannan hanyoyi a matsayin kusanci da Allah. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yogar da ta haɗa da ambato da ibada, a 2009 majalisar malaman Indonesiya ta yi makamancin haka amma ta bar ƙofa a buɗe ga wadda motsa jiki ce zalla. Saudiyya kuwa ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017. Duk waɗannan hukunce-hukunce sun raba tsakanin motsi da ibada, tarihi kuma ya nuna rabon ba dabarar kauce wa laifi ba ne: yawancin abin da ke sa tsoka aiki daga filin kokawa da na atisaye ya shigo. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da ambaton wasu kalmomi ko fuskantar rana da haɗa hannu ba, ya bar su, cinyarsa ba za ta yi asarar komai ba. Masu ƙoƙarin lallashin Musulmi da cewa ai ruku'u da sujada ma yoga ne, su kam ƙara dagula ruwan suke yi, domin mayar da ibada atisaye bai fi mayar da atisaye ibada ba. Akwai kuma 'yan Hindu da ke ganin cire ruhin yoga ƙwace ne, suna da hujjarsu; amma gwamnatin Indiya da kanta da sunan lafiya ta kai ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Saura mai cewa me ya sa za a je har Indiya neman abin da ke gida, ga kokawa, ga dambe, ga raye-rayen Bajju da Atyap da Ham, ga hawan dutse a lokacin bikin Afan na Kagoro kowace 1 ga Janairu. Gaskiya ne, kuma ga saurayi mai jini a jika waɗannan sun fi. Amma kokawa ba ta karɓar ɗan shekara 70, rawar biki kuma ba kullum ake yin ta ba. Fifikon yoga a nan shi ne matakanta: ana iya farawa a kan kujera ko a jingine da bango, a cikin ɗaki, ba kuɗin shiga, ba lantarki, abin da ya dace da matar da ba za ta fita filin wasa da wando ba. Haɗarinta yana wurin koyo daga waya ba mai dubawa. Tsayuwa a kan kai ko a kan kafaɗu na ɗora wa wuya nauyin da ba a halicce shi don shi ba, yana kuma ɗaga matsin ruwan ido, abin gudu ga mai ciwon gilokoma. Riƙe numfashi a lokacin yunƙuri na harba hawan jini sama na ɗan lokaci. Mai juna biyu, mai raunin ƙashi da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, shawarar likita ce farko. Kuma babu atisayen da zai gina tsoka a jikin da ba ya samun wake, gyaɗa, waken soya, ƙwai ko kifi.

Saboda haka wurin da ya fi dacewa yoga ta sauka a kudancin Kaduna shi ne hannun likitocin gashin ƙashi a asibitin Kafanchan, da malaman jinya da ungozoma da garin ke horarwa, da malaman motsa jiki na makarantu, waɗanda za su zaɓi yanayi biyar ko shida marasa haɗari, su haɗa su da abin da yoga ta rasa, kamar jan roba ko ɗaga galan ɗin ruwa. Auna sakamakon ma ba ya buƙatar na'ura. Akwai gwajin da Roberta Rikli da Jessie Jones suka daidaita wa tsofaffi a 1999: a zauna a kujera mara hannu, a rungume hannuwa a ƙirji, a ƙirga sau nawa mutum zai tashi ya zauna cikin daƙiƙa 30. Ƙungiyar mata a coci ko makarantar Islamiyya ta matan aure na iya rubuta wannan adadi a ranar farko, ta sake ƙirgawa bayan mako takwas, ta yanke hukunci da abin da ta gani.